Maɓallin da Auta Ta Haɗiye

Tun da Auta ta shiga makarantar nan ta cikin kwamfuta, ba wanda ya sake yin atishawa a gidanmu ba a fassara masa ita ba. Da safe tana aiki a kantin magani, ita ke karɓar takardar likita ta miƙo ƙwayoyi. Da yamma ta dawo, ta ture kwanuka daga rabin teburin cin abinci, ta buɗe kwamfutarta, sai wata mata mai tabarau ta bayyana a ciki ta kama bayani. Karatun jami'a ne, in ji Auta, darasin farko na ilimin halayyar ɗan Adam. Ita saikoloji take ce masa. Ni kuwa da na saurara na ɗan lokaci ina ninke wanki a gefe, na ce mata wannan ai gulma ce aka yi wa satifiket.

Kowane mako da irin ciwon da za ta gano mana. Makon da aka koya musu labarin karen da ke dalalar da miyau in ya ji ƙararrawa, sai ta lura babanta na fitowa daga ɗaki da zarar ya ji cokali ya bugi kofin shayi. Ta zauna tana kaɗa cokali a kofin da ba komai a ciki, bawan Allah yana fitowa yana komawa, har ya gane ya wurgo mata silifa. Ni kuma ta ce wai yawan ninke tawul da nake yi alama ce ta son mallakar abin da ya fi ƙarfina. Na ce to ta karɓa ta ninke, mu ga ita me take son mallaka.

Akwai abin da duk saikolojinta bai hango mata ba, don mun ɓoye mata. Malam, mijina, tela ne. Shagonsa na ƙarshen layinmu, tsakanin mai aski da mai gyaran waya, kuma yana kan keken ɗinkin nan tun kafin ya san akwai ni a duniya. Kwanakin baya ya rufe shago ya taho gida, ya bar dutsen guga a kunne a kan yadin mutane. Mai aski ne ya ji ƙauri, ya watsa ruwa ta taga. Babban ɗanmu, wanda unguwa ke kira Injiniya ko da yake iyakarsa haɗa wayar wuta a gidajen mutane, ya ga ɗakunan da wuta ta cinye fiye da yadda yake so. Ya zaunar da babansa cikin ladabi ya ce, "Baba, in aka sake samun mantuwa irin wannan, don Allah ka ba ni makullin shago ka huta." Malam ya ce ya ji. Bayan yaron ya fita ya ce min kada in kuskura Auta ta sani, ba ya son a mai da shi darasi.

Daga ranar kalmar "na manta" ta bar bakinsa. Ko tabaransa yake nema ka nuna masa shi a goshinsa, sai ya ce yana sane. Ina yi masa dariya, amma tsoro nake ji. Mutumin nan in aka raba shi da shagonsa, ban san abin da zai rage ba in ban da tari da sauraron rediyo.

A makon da abin ya faru ban zauna gefen darasin ba, na je dubiya asibiti. Sai daga baya na ji abin da aka koya musu. Wai tunanin mutum ba abin dogaro ba ne, ana iya ba shi labarin abin da bai taɓa faruwa ba, in ya fito daga bakin wanda ya yarda da shi, sai ya tuna, har ya ƙara da nasa. Malamar ta ja musu kunne cewa kada kowa ya gwada a gida. A kunnen Auta wannan daidai yake da a ce mata tashi ki je ki gwada.

Ranar hutu Injiniya ya zo cin abincin rana, muna zaune mu huɗu. Auta ta gyara fuska kamar ta Allah ta ce, "Baba, jiya na tuna wani abu. Ka tuna ranar da na haɗiye maɓalli a shagonka? Ina 'yar mitsitsiya, ko makaranta ban shiga ba."

Malam na kai loma baki, hannun ya tsaya a hanya. Ya dubi Auta, ya saci kallon Injiniya, sannan ya ƙarasa lomar ya tauna a hankali.

"Ta ina zan manta," ya ce. "Ranar ai na ga tashin hankali."

"Wane irin maɓalli ne ma, Baba?"

"Ƙato ne. Na kwat." Ya sha ruwa. "Uwarki ce ta ajiye ki a shago ta yi tafiyarta, wai yanzu za ta dawo."

Nan fa aka taɓo ni. Ni mace ce da ba a ɗora min laifi ina zaune. Na buɗe baki in kare kaina, kuma wallahi a nan take abin ya zo min tar a ido. Na ga Auta cikin 'yar riga ruwan ɗorawa, zaune a ƙarƙashin teburin yanka, idanu sun firfito.

"Malam, ka ji tsoron Allah," na ce. "Kai ka aike ni sayen zare. Kuma ba na kwat ba ne, ja ne, ɗan madaidaici, na rigar mata. Ina dawowa na tarar kana jijjiga yarinya kamar buhu."

"Ni ne fa na ɗauke ta," in ji Injiniya, ya ajiye cokali. "A kafaɗa na saɓa ta har asibiti, a guje. Takalmina ɗaya a hanya ya faɗi, ban koma nema ba."

"Haka aka yi," na ce. "Likita ya ce a bari zai fito da kansa. Kwana da kwanaki ina bin fo da tsinke, ba wanda ya taya ni a gidan nan."

Auta ta kwashe da dariya har ta ƙware, sai da yayanta ya bubbuga mata baya. Mun ɗauka zancen fo ne ya ba ta dariya. Malam ma ya yi 'yar dariya, yana gyaɗa kai ga duk abin da aka faɗa, amma bai ƙara ko kalma ɗaya a labarin ba, kuma bai cinye abincinsa ba.

Kafin mako ya zagayo labarin ya yi ƙiba. Ƙanwar Malam, Gwaggon yara, ta kira a waya na ba ta labari, ta ce ai ita ce ta ba da shawarar a ɗura wa yarinya ayaba, ita da a wancan lokacin tana aure a wani gari mai nisa. Mai aski ya ce har yau ihuna na cikin kunnensa, shi da ya kama shagonsa Auta na sakandare. Ba wanda ya tsaya lissafin wannan, ni ma ban tsaya ba. Auta kuwa tana yawo a gida tana murmushi ita kaɗai, irin na wadda ta ci jarrabawa ba a sani ba.

Wata rana da tsakar rana na kai wa Malam abinci shago. Na tarar keke a rufe, fanka na juyawa, shi kuma ya zazzage gwangwanayen maɓallansa kaf a kan teburin yanka. Ya ware jajayen gefe guda yana jujjuya su da ɗan yatsa.

"Maman Auta, zo ki nuna min. Irin wanne ne?"

Na duba na ɗauki ɗaya mai huji huɗu, ba ko shakka a raina. "Irin wannan."

Ya karɓa ya ɗora a tafin hannu, ya daɗe yana kallo. Sannan ya leƙa ƙofa ya tabbatar ba kowa.

"Ban tuna ba," ya ce. "Ko kaɗan. Ƙarya na yi a gaban yaron nan. Tun ranar nake tonon kaina, in zauna in tashi, babu komai a wurin."

Ni da na so in taimaka, sai na shiga ƙara masa. Na ce ya tuna ya cire hularsa yana yi mata fifita. Na ce ya tuna a hanyar dawowa ya saya mata balan-balan. Duk abin da na faɗa sai ya girgiza kai, kafaɗunsa na ƙara sauka, ni kuma ina ƙara ƙaimi kamar mai tura motar da ta mutu.

"Ya isa," ya ce. "'Yata ta kusa mutuwa a ƙarƙashin teburin nan. Mai aski ya tuna, ƙanwata ta tuna, ni ubanta ban tuna ba. Guga mantuwar yini ɗaya ce, kowa na yi. Wannan kuwa rami ne. In irin wannan ta fita daga kaina ban sani ba, me kuma ya fita?" Ya mai da maɓallin cikin 'yan'uwansa. "Yaron nan ya yi gaskiya. In ya zo ranar hutu zan ba shi makulli."

Na fito daga shagon. Na yi kuka a hanya, ina gaisawa da mutane ina cewa hayaƙin mota ne ya shiga min ido.

Da Auta ta dawo daga aiki ban bari ta ajiye jaka ba. Alkawarin da na yi wa Malam na karya shi a tsakar falo, na gaya mata zancen guga, da sharaɗin yayanta, da abin da na gani a shago. Tana tsaye tana saurare, murmushin nan na mako guda ya bi ta wata hanya ya gudu.

"Umma," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "ban taɓa haɗiye maɓalli ba. Ni na ƙirƙira. A darasi aka faɗa mana, na ce bari in gani ko gaskiya ne."

"Ke tafi can. Kina 'yar ƙarama, me kika sani? Ni na bi fo da tsinke."

"Wane asibiti aka kai ni?"

Na buɗe baki in faɗa, na ga asibitin sarai, mai koren ƙofa, a bayan gidan mai. Sai na rufe bakin, don asibitin nan ina cikin waɗanda suka je kallo ranar da aka buɗe shi, kuma a lokacin Auta ta fi ni tsawo.

"Rigar ruwan ɗorawa fa?" na ce, don ban saba faɗuwa da wuri ba.

Ta nuna bango. Ga hotonta nan a rataye sama da talabijin, cikin rigar, ina share masa ƙura kullum. Fo da tsinken kuwa, da na zauna na nutsu, na Injiniya ne, lokacin da ya haɗiye dutsen sarƙata yana rarrafe. Auta ta ce haka malamarsu ta yi bayani, wai tunani ba ajiyayyen kaya ba ne da za ka ɗauko yadda ka ajiye, kowane ɗauko sai kai ya sake harhaɗa shi da ƙyallayen da suka fi kusa da hannu.

Na ce bayanin ya yi kyau. Sannan na ɗauki tawul ɗin da ya fi kusa da hannuna na bi ta da shi har kicin. Haushin da na ji biyu ne, na abin da ta yi wa ubanta, da na yadda ta mai da ni sakarya da bakina.

Ba mu jira ranar hutu ba. Na kira Injiniya na ce ya same mu a shago yanzu. Malam na ganinmu mu uku a ƙofa ya ɗauka an zo karɓa ne. Ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin ya ajiye a kan keke. Auta ta durƙusa a kan ƙyallayen da ke ƙasa, ta faɗi komai tana shessheƙa, tun daga darasin malamar har ƙaryar da ta shirya mana a wajen cin abinci.

"Ba zai yiwu ba," in ji Injiniya. "Ni na saɓa ki. Takalmina fa?"

Malam ya ɗago kai. Ya dubi Auta, ya dubi tulin jajayen maɓallan, ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina gyara bakin gyale.

"Wato ba a yi ba," ya ce.

"Ba a yi ba, Baba. Ka yafe min."

"Ba ramin."

"Babu, Baba."

Ya jingina da bango ya saki wani numfashi mai tsawo. Can sai na ga gefen bakinsa ya fara motsi, na san mun shiga uku.

"Injiniya, a wace kafaɗar ka saɓa ta, dama ko hagu? Ina so in riƙe, kada in manta." Yaron ya sosa ƙeya. "Maman Auta, balan-balan ɗin da na saya, wane launi ne?"

"Malam, ka bari."

"A'a, ki faɗa min. Ke ce mai kai."

Ya ɗaga murya ya kira mai aski ta taga, ya ce ya zo ya kwaikwayi ihun da ya ji. Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu, ya yi ihun kuwa, da iya ƙarfinsa, har mai gyaran waya ya fito. Malam ya yi dariya har ya riƙe ciki, hawaye na bin gemunsa, kuma ni da na san shi na san ba duka na dariya ba ne. Ya miƙa hannu ya ɗauke makullin daga kan keke ya mayar aljihu.

Injiniya ya bari dariyar ta lafa sannan ya ce a hankali, "Amma Baba, gugar nan..."

"Na sani. Wannan ba ƙanwarka ta ƙirƙira ba."

Daga bisani yaron ya miƙe yana bin wayoyin bango da ido, ya ce zai haɗa wutar shagon gaba ɗaya a makunni ɗaya a bakin ƙofa, ta yadda ba za a iya rufe ƙofar ba sai an kashe. Malam ya ce in dai ba zai taɓa masa rediyo ba, ya yi. Hukuncin Auta kuwa, ta mai da maɓallan nan gwangwanayensu, kowanne da launinsa da girmansa. Ta yi yammaci biyu a kai, kuma ban ji ta fassara wa kowa komai ba.

Na ɗauka magana ta ƙare. Sai ga shi bayan 'yan makonni, wata yamma, Malam ya dawo gida da wuri, da wani wando a kafaɗa da allura a bakinsa. Auta ta riga ta buɗe kwamfuta, malamar na bayani a kan tsufa da abin da yake yi wa ƙwaƙwalwa. Ashe ya tambaye ta tun da safe me za a koya yau. Ya ja kujera can ƙarshen tebur, inda kyamara ba ta kaiwa, ya zauna yana kalmasa ƙafar wando da hannu kamar wanda wuri ne kawai ya rasa. Ni ina gefe da wankina, na yi kamar ban gan shi ba.

Da aka zo ƙarshe malamar ta ce mai tambaya ya rubuto. Malam bai ɗago kai ba ya ce, "Auta, rubuta mata. Ki ce in mutum ya ga ya fara mance ƙananan abubuwa, kuma shi da kansa ya sani, yana kuma jin tsoro, me ya kamata ya yi tun da sauran kansa." Ya ja zare ya ciza. "Ki ce maƙwabcinku ne."

Auta ta rubuta. Sai da ta goge ta sake.

Malamar ta karanta tambayar a fili, ta gyara tabarau. Ta ce ita ba likita ba ce, amma mantuwa na da dalilai da yawa, wasu ma ana maganinsu, har rashin barci da yawan fargaba na kawo ta. Ta ce abin da ya fi shi ne a ga likita da wuri, a faɗa masa gaskiya ba ragi. Sai ta ɗan tsaya, ta kalli kyamararta kai tsaye, har na ji kamar ƙarshen teburinmu take kallo.

"Kuma ki gaya wa maƙwabcin naku kada ya tafi shi kaɗai. Ya tafi da wanda ba ya jin kunyar cewa ban sani ba a gabansa."

Malam ya ci gaba da ɗinkinsa, ya kai ƙarshen kalmasa ya ƙulle zaren. Sannan ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, na ajiye tawul ɗin da ke hannuna.

"Auta," ya ce, "rubuta mata maƙwabcin ya ji."